Bango Mai Taya

Labule uku na gada tare da shagon hoton da na saya. Ɗaya hoton ruwa ne yana kwararowa daga kan dutse, da bishiya biyu a gefe. Ɗaya kantar littattafai ce, littattafan duk jajaye, ba ko ɗaya mai suna a jiki. Na ukun shuɗi ne mai dabbare-dabbare, tsohon mai shagon ya ce min wai sararin samaniya ne, ni dai ban taɓa ganin sama ta yi haka ba. Shekara tara ina rataya su ina saukewa. Ɓera ya ci gindin na ruwan, wani jariri ya bar wa na littattafan shaida a ƙasan kanta ta biyu, kuma duk gugar da zan yi musu ba ta hana su tattarewa daidai bayan kan mutum.

Duk gidan da ka shiga a unguwarmu, in ka ɗaga kai za ka ga mutanen gidan a tsaye a gaban wannan ruwan. Ranar da abin ya kai min iya wuya, wata budurwa ce ta zo hoton gama makaranta. Ta tsaya ta ƙare wa labulen kallo ta ce, "Anti, babu wani? Kakata ma a bakin ruwan nan ta yi hoto, har yau bai ƙafe ba." Na taya ta dariya, amma tawa a leɓe ta tsaya.

Na riga na san abin da nake so, don na gani a wurin wata abokiyar sana'a. Ita ta daina labule gaba ɗaya. Bangaye take da su na siririn katako, kowane tsayinsa ya ɗara mutum, faɗinsa kamar ƙofa biyu, da taya a ƙasa. Gaba launi ɗaya, baya wani launi. In ta haɗa biyu sai su zama lungun ɗaki. Akwai mai taga marar gilashi, ta ajiye fitila a bayanta, haske ya shigo ta gefe ka rantse hantsi ne. In ta gaji da launi ta sake fenti, shi ke nan ta yi sabon ɗaki. Tun ranar da na gani nake cewa zan yi, irin zan yi ɗin da ba ta da rana.

In zan faɗi gaskiya, ba maganar budurwar nan ce ta tashe ni ba. Baba ne.

Babanmu kafinta ne, shekara arba'in da ɗoriya yana yi. Wata takwas kafin wannan, ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa. Likita ya ce hawan jini ne, a rage masa wahala. A rage likita ya ce, amma Yaya, babban wanmu, a daina ya ji. Ya taso daga garin da yake aiki, ya rufe shagon, ya kwaso kayan aikin ya zuba su a ɗakin ajiya na gida. Mama ta shekara uku da rasuwa, don haka Baba ya koma zaman kujera a ƙofar ɗakinsa, daga shi sai rediyo. Kowa ya shigo, "Sannu Baba, ya jiki?" In ya miƙa hannu zai ɗauki buta sai a riga shi. Ina kai masa abinci safe da yamma, gidana layi biyu ne tsakaninmu, kuma ina gani da idona yana ƙanƙancewa a cikin rigarsa. Mutumin da yake musu da mai karanta labarai a rediyo, ya zama sai dai ya ji ya yi shiru.

Sai Yaya ya bugo waya ya ce ƙarshen wata zai zo da mota ya tafi da Baba gidansa. Gida ne mai kyau, a hawa na huɗu, ga sanyi ga talabijin mai girman ƙofa. Yaya ba mugu ba ne, tsoro ne da shi, kuma shi in ya ji tsoro sai ya kama shirya mutane. Da na gaya wa Baba, sai ya ce, "To." Hankalina ya tashi, don tun da nake ban taɓa jin Baba ya ce to a karon farko ba. Na san in ya hau benen nan ba zai ƙara saukowa da ƙafarsa ba, kuma ba na son ya tafi. Kwana ashirin da takwas nake da su in nuna wa Yaya cewa Baba yana da abin yi a nan.

Washegari na zauna a gabansa da takarda, na zana masa bangon. Na yi ta zuba bayani, siririn katako, taya, taga, launi biyu. Ya karɓi takardar, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa.

"Auta, wannan bango ne ko faifai?"

"Bango ne, Baba. Na hoto."

"Bango dai bango ne," in ji shi. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, kuma ban sake ganin ta ba. Amma da ya ce in miƙo masa tef ɗin awo daga ɗakin ajiya, saura kaɗan in yi rawa.

A cikin shagona ya yi aikin, don ya ce ba a gina bango a wani wuri a kawo. Akwai wasu katakai masu kauri da ya ɓoye tun ina firamare, baƙaƙe masu nauyi, yana cewa sai aikin da ya isa. Su ya sa aka ɗauko a amalanke. Na buɗe baki zan yi magana, na ga yadda yake shafa su, sai na rufe. Kullum ƙarfe takwas yana ƙofar shago da fensir a bayan kunne. Sha biyu ya tafi gida ya sha magani ya kwanta, wannan ita ce yarjejeniyarmu. Bai sa ƙusa ko ɗaya ba, sai ya fafe wannan ya zura wancan, su kama juna gam. Ya goge da samfefa ya shafa man sheƙi, ya bari ya bushe, ya sake gogewa ya sake shafawa, har sau uku. Bayan bangon ma, inda sai gizo-gizo ne zai gani, haka ya yi masa. Kwana na huɗu na ji yana yi wa rediyona gyara a kan farashin siminti. Kwana na shida ya ce abincina ba gishiri, ya cinye ya nemi ƙari.

Kwana goma ya gama. Tsakani da Allah ban taɓa ganin katako mai kyau irin wannan ba. Na ce, "Baba, taya fa?"

"Taya ta mota ce. Kin taɓa ganin bangon kirki yana yawo?"

Na so a matsar da shi kaɗan daga tsakiyar ɗaki. Na kira Mai Walda, maƙwabcina na dama, ƙato ne da yake ɗaga ƙofar ƙarfe shi kaɗai. Ya sa kafaɗa, bango ya ce bai san zancen ba. Ya kira mai kanti, mai kanti ya tsayar da mutum biyu masu wucewa. Su huɗu suka yi ta nishi har suka matsar da shi taki ɗaya. Mai Walda ya share gumi ya ce, "Baba Kafinta, in duniya ta tashi, bayan wannan zan ɓuya." Baba ya yi murmushi har kunne. Rabona da ganin haƙoransa tun kafin ya faɗi.

Wanda ya fara tsayawa a gaban bangon wani bawan Allah ne mai neman shugabancin ƙungiyar direbobi, yana son hoton da zai manna a tasha. Mutum ne mai sanƙo, kuma ya ƙi hula, wai a san shi yadda yake. Na saita fitilu na danna. Da na duba kyamara sai na ga rana biyu, ɗaya a kansa, ɗaya a bayansa. Man sheƙin nan ya maido min da hasken fitila gaba ɗaya. Na matsar da fitila hagu, ranar ta koma dama. Na kashe ɗaya, sai ga ni nan a jikin bangon, da kyamara a fuska da fanka a saman kaina, ina leƙowa ta bayan kafaɗar ɗan takara. Sau goma sha ɗaya na ɗauka, babu na nunawa.

Baba yana zaune a gefe yana jiran hukunci. "Ya ya fito?"

"Ya yi kyau, Baba," na ce. "Ya yi kyau sosai."

Ƙaryar da na fara ke nan, kuma ita ƙarya ba ta zama ita kaɗai. Na ce wa ɗan takara ya dawo da yamma, wai injin wankin hoto ne bai yi zafi ba. Daga ranar duk mai son hoto sai in ce masa bayan sha biyu. Da Baba ya sa ƙafa ya fita, sai in ɗauko labulen ruwan nan in yafa shi a kan bangonsa, in kama da maƙalen shanya, don ko giyar wake na sha ba zan buga wa katakon nan ƙusa ba. Kafin in rufe shago in sauke in ninke in tura ƙarƙashin tebur. Da safe Baba ya zo ya goge bangonsa da tsumma, ya tambaye ni mutum nawa suka tsaya jiya, in faɗa masa. Ni a ganina na yi dabara. Yana cin abinci, yana musu, ƙarshen wata Yaya zai zo ya ga mutum a tsaye da aikinsa. Mai Walda ya leƙo wata rana ya ga labulen a kan bango, ya girgiza kai ya ce, "Rana dubu ta ɓarawo fa." Na ce ya je ya ji da ƙarafunansa.

Ranar mai kaya ba ta kai dubu ba, ta bakwai ce. Ina tsaka da ɗaukar wata mata da 'yan biyunta, ina kaɗa musu makulli don su dubo ni, sai na ga matar ta ɗaga kai ta gaida wani a bayana. Na juya. Baba ne, ya dawo ɗaukar tabaransa da ya manta a kan taga. Ya dubi labulen, ya dubi maƙalan shanya guda huɗu da suke riƙe da shi. Ya amsa gaisuwar matar da kyau, ya yi wa yaran wasa, ya ɗauki tabarau ya sa a aljihu. Ni ko kallo ban ishe shi ba, ya fita.

Washegari takwas ta yi, tara ta yi, ba Baba. Na rufe shago na nufi gida. Na same shi a ɗaki, akwati a buɗe a kan gado, yana jera riguna.

"Na kira yayanki," ya ce, bai juyo ba. "Na ce masa na shirya."

"Baba, ka tsaya ka ji."

"Ba komai, Auta. Kin kyauta. Yaro in yana damun mutane, ai sai a ba shi gwangwani da tsinke a ce ya je ya yi mota. Na gode, Allah ya yi miki albarka."

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Na tsaya a bakin ƙofa, kunya ta rufe ni, don gaskiya ya faɗa. Na yi niyyar in durƙusa in ba shi haƙuri, har na fara lanƙwasa gwiwa. Amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, zuciyar da ke gare shi ita ke gare ni, kuma wannan godiyar tasa mai sanyi ita ta tunzura ni. Na miƙe.

"To tunda tafiya za ka yi, bari in faɗa maka. Bangon nan bai yi ba."

Hannunsa ya tsaya a kan riga.

"Bai yi ba ko kaɗan. Na ce siririn katako, ka kawo min gungume. Na ce taya, ka ce ta mota ce. Na ce taga, babu taga. Na ce launi biyu, ka shafa masa mai har ina ganin haƙorana a ciki. Ya cinye min rabin shago, ƙarti huɗu ba su iya matsar da shi ba. Zanen da na ba ka ko dubawa ba ka yi ba. Da wani kafinta ne ya yi min wannan aikin, da tun ranar farko na sa ya kwashe abinsa."

Na gama ina haki, sai a lokacin na ji abin da bakina ya faɗa. Tun da aka haife ni ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba. Ya juyo a hankali, ya sa tabarau, ya dube ni sama da ƙasa.

"Sheƙin me ya yi miki?"

"Yana maido da haske."

"Ai aikin sheƙi ke nan."

"A ɗakin amarya ba. A hoto ɓarna ne."

Sai ya tura ƙafa cikin takalmi ya ce, "Mu je in gani. Ba na yarda da ƙorafin da ban gani da idona ba."

A shago na zaunar da shi a kan kujera a gaban bangonsa, na kunna fitilu na ɗauke shi. Na juyo masa da bayan kyamara. Ya daɗe yana kallo. Ga shi nan zaune da ɗaurarriyar fuska, ga wani farin dunƙulen haske ya cinye masa kunnen hagu, ga ni a bayansa da fanka.

"Wannan farin fa?"

"Man sheƙinka ne, shafa uku."

"Wannan aljanar kuma?"

"Ni ce."

Ya tuntsire da dariya har da tari, sai da na miƙa masa ruwa. Da ya lafa ya ce, "Aikin banza na yi." Ya faɗe ta ne da wani irin daɗi, kamar wanda ya tsinci abin da ya daɗe yana nema. Ya zaro fensir daga bayan kunne, ya jawo wani kwali. "Sake faɗa min tun daga farko. A hankali, ban da haki."

A ranar ne Baba ya fara leƙa idon kyamara. Na nuna masa cewa ita ba ta san nauyi ba, ba ta san tsada ba, abin da haske ya taɓa kawai take gani. Na ɗora tafin hannuna a kan takarda, na ɗora a kan gilashi, na haska masa ya ga bambanci. Ya yi ta tambaya. Me ya sa mutum ba ya jingina da bango? Saboda inuwa. Taku nawa tsakaninsu? Uku. To in ba mai jingina, ƙarfin na mene ne? Na ce yawwa, abin da nake ta faɗa ke nan. Ya ce in rufe masa baki, bai gama tunani ba.

Kwana tara suka rage, kuma ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a ranar muka fara. Na ɗauka zai ji ciwon rushe bangon, ashe shi ya fi kowa ɗoki. Da yake babu ƙusa a jiki, ɗan bugu kaɗan ya warware shi. Ya sa aka kai katakan wurin masu inji aka tsaga su sirara, sai ga shi bango ɗaya ya haifi firam shida, har da ragowar da ta isa benci. Aka sayo falankin filawud mai sirantaka, Baba ya ɗaga shi da yatsa biyu yana taɓe baki, ya ce a zamaninsu da wannan ake yin bayan kabad, shi ma a ɓoye. Mai Walda ya haɗa mana ƙafafu da tayoyi masu birki. Da aka ta da na farko, Baba ya tura shi da hannu ɗaya, bango ya tafi sumul har ƙarshen ɗaki. Ya bi shi da kallo ya ce, "Allah ya shirya." Amma na gan shi ya sake turo shi ya dawo, ya kuma sake turawa.

Ni kuma na ɗauki darasi, ban ƙara cewa ya yi kyau ba sai in ya yi. Fenti na farko da ya haɗa, na ce ya yi duhu. Ya ce idona ne. Na ɗauka na nuna masa, ya ƙara fari yana gunaguni. Mahaɗar filawud biyu ta fito a hoto kamar zare, na ce a cike ta, ya cike ya goge har sai da na kasa gano wurin da yatsa. Shi ma bai raga min ba. Ya ce lungun da nake so ba zai tsaya ba sai an sa maƙali ta baya, na yi gardama, lungu ya buɗe a kan idona, ya ce, "Gani ya kori ji." Wani bangon ya ɗora masa siraran katakai a jere daga ƙasa zuwa ƙugu, abin da ban ma roƙa ba, kuma da haske ya bi ta gefe sai ya fi duk sauran kyau. Na gaya masa haka, ya ce ya sani. Sha biyu na yi nake korar sa gida shan magani, wani lokacin sai na ɓoye guduma. Akwatin dai yana nan a buɗe a kan gado, bai ƙara riga ba, bai cire ba, ni kuma ban tambaya ba.

Ranar da Yaya ya iso, ya je gida bai sami kowa ba, sai ya biyo shago. Mu ba mu ma ji tsayuwar motarsa ba, muna kan rigimar taga. Baba ya yanka ta daidai inda tagar gida take zama, ni kuma ina so ta sauko taki ɗaya don hasken ya faɗo a kuncin wanda ke zaune.

"Ba inda ake taga a nan," Baba yake cewa. "Sai dai gidan kaji."

"Ba gida kake gina min ba. Ta yi sama, a sauke ta."

"In na sauke ta, duk wanda ya gani zai ce kafintan bai san aiki ba."

"In ba ka sauke ta ba, ni zan ce haka."

"Auta." Muryar Yaya ce daga bakin ƙofa. Yana tsaye da makullin mota a hannu, fuskarsa ta canja. "Baba kike gaya wa haka? Mutumin da ba shi da lafiya kika sa a gaba da zarto, kina yi masa tsawa?"

Duk jawabin da na kwana ashirin da takwas ina shiryawa ya gudu ya bar ni. Ga Baba da garin katako har a gira, ga gumi a wuyan rigarsa, ga ni da hannu a ƙugu. In Yaya yana neman hujjar ɗauke shi, na ba shi da hannuna.

Baba ya ajiye zarto, ya amsa gaisuwar Yaya, ya tambayi iyali da hanya. Sannan ya nuna masa bencin ya ce ya zauna.

"Rabu da ita, mai aiki ce. Mai aiki yana da bakin magana."

"Baba, ai ba haka ake yi ba. Likita ya ce..."

"Ina shan maganin likita, tambaye ta, har guduma take ɓoye min." Ya share gira da bayan hannu, ya dubi Yaya. "Babba, wata takwas ina zaune a kujerar nan. Kowa ya zo sai sannu. In na zubar da shayi, sannu. In na faɗi abin da ba daidai ba, a ce haka ne Baba. Na gane cewa mutum in aka daina yi masa gyara, to an gama da shi ne, ana jiran lokaci. Kai ka kyauta min, ita ma da farko irin kyautatawarka ta yi min, saura kaɗan ta kashe ni da ita. Ran nan ta tsaya a ƙofar ɗakina ta ce aikina bai yi ba. A ranar na yi barcin da na daɗe ban yi ba." Ya ɗauki zartonsa. "Na ce maka na shirya, a lokacin gaskiya na faɗa. Yanzu ina da aiki a hannu, saura bango biyu, kuma mai aikin fitinanniya ce."

Yaya ya zauna yana juya makulli a hannu, yana kallon Baba yana auna tagar da ya rantse ba zai sauke ba, yana sa alama taki ɗaya a ƙasa. Na san Yaya, ko ƙusa bai iya bugawa ba, tun muna yara in aka aike shi ɗauko guduma sai ya kawo filaya. Can sai ya tashi, ya zagaya bangayen yana taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya a gaban wani mai launin ruwan ƙasa, ya yi gyaran murya sau biyu.

"Baba," ya ce, "wannan kamar ya karkace."

Bangon nan a miƙe yake kamar alif, ni na sani, Yaya ma ya sani. Baba ya ɗago a hankali ya dube shi ta saman tabarau.

"Wanne ne ya karkace?"

"Wannan. Ta nan gefen."

"Kai da ba ka san gaban zarto da bayansa ba, yau kai ne mai ganin karkata? Zo nan. Riƙe bakin tef ɗin nan. A'a, ba nan ba, ƙasa. Haka ake riƙe tef a garinku?"

Rabin awa Baba ya yi yana auna masa bangon, sama da ƙasa, kusurwa zuwa kusurwa, muryarsa har wurin Mai Walda. Yaya yana durƙushe da wandonsa mai guga a cikin garin katako, yana riƙe da tef, ana yi masa faɗa yana gyaɗa kai, idanunsa sun kawo ruwa. Ni na zagaya bayan bango mai taga na tsaya, don nawa idanun sun riga nasa, kuma daɗi ne ya yi min yawa.

Can Yaya ya zagayo ya same ni. Ya kakkaɓe gwiwarsa, ya rage murya.

"Ƙarfe nawa yake shan maganin?"

"Sha biyu."

Ya duba agogo. "Saura minti goma. Gobe da safe zan koma, ki riƙa kira na kina gaya min." Ya ƙara matsowa kusa. "In na zo wani watan, me zan ce ya karkace?"

Kafin in ba shi amsa Baba ya ƙwala masa kira daga gaba, wai wa ya ce ya saki tef.